Yadda aka ɗebi iri a idona na dama aka shuka a na hagu

Duk wanda ya ji an ce an yi min dashe a ido, abin da yake fara tambaya shi ne idon wa aka sa miki, wasu ma har rage murya suke su ce ko na mamaci ne. To ba idon kowa aka sa min ba. A idona na dama mai lafiya aka yanki wani ɗan mitsitsin nama, tsawonsa da faɗinsa kamar milimita 2, aka kai shi na hagu wanda soda ta ƙona, shi kenan, kuma shi ne ya dawo min da fuskar idon. Ina so in faɗi yadda abin ya gudana tun daga farko saboda mu mata masu haɗa sabulu a gida muna da yawa wallahi, ga magina masu aiki da siminti, ga masu cajin batir, kuma kusan babu wanda ya taɓa yi mana bayanin abin da ke mutuwa a ido in irin wannan tsautsayi ya faɗa.

Sana'ata sabulu ce, na wanka da na ruwa, kuma duk mai wannan sana'ar ta san kastik soda. Ranar na riga na jiƙa sodar a bokiti tana ta huci don ai zafi take yi in ta haɗu da ruwa, na ɗaga zan matsar da shi inuwa sai hannun bokitin ya ɓalle, ya daki ƙasa ruwan ya fallatso min a fuska ɓangaren hagu. Ba zan iya kwatanta zafin ba. Maƙwabciyata Allah ya saka mata da alheri ita ce ta ja ni gindin randa ta buɗe min idon da ƙarfi da yatsunta tana ta kwarara ruwa ina ihu tana cewa yi haƙuri 'yar uwa, ba zan daina ba. Mata sun taru, wata ta ce a ɗiga nonon mai shayarwa, wata ta ce ruwan suga, wata manja, ita dai ba ta saurari kowa ba ruwa kawai take zubawa har aka samo adaidaita.

A asibiti ma abin da suka fara yi kenan kafin ma su tambaye ni suna. Suka ɗiga maganin kashe zafi, suka rataya ledar ƙarin ruwa suna sakin ta cikin idon, ta ƙare su sa wata, suka juya fatar idon suna duba ko akwai ɓurɓushin da ya maƙale, can kuma sai su taɓa wata 'yar takarda a gefen idon su duba launinta, suna jiran awon ƙarfin sodar a idon ya sauko kusa da 7 wanda shi ne daidai. Daga baya likitan ya ce min soda da farar ƙasa da siminti sun fi ruwan batir illa a ido, duk da mutane sun fi tsoron asid. Wai shi asid in ya taɓa nama daskarar da shi yake yi sai ya tare wa kansa hanya, ita kuwa soda narkar da kitsen jikin ƙwayoyin halitta take tana ta nutsawa ciki, wato dai aikin da take yi wa mai a cikin robar sabuluna shi take yi wa ido. Shi ya sa ake cewa a yi ta wankewa aƙalla minti 30 ba tsayawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ranar, yayana da ya zo ya leƙa idon ya ce alhamdulillahi ai bai ma yi ja sosai ba, likitan ya girgiza kai ya ce Alhaji wannan farin da kake gani shi ne abin damuwar, jijiyoyin jinin wurin ne suka mutu, da ja ya yi da na fi samun kwanciyar hankali. Ya zana mana da'ira a takarda ya raba ta gida 12 yadda agogo yake, don haka suke ƙirga ɓarnar, ya nuna cewa mafi yawan zagayen nawa ya tafi.

Zagayen me? Nan ne gundarin maganar, kuma sai da na daɗe ina jinya kafin ta zauna min a kai. Wannan garai-garai ɗin da ya rufe baƙin ido, wanda likitoci ke ce wa koniya, samansa akwai wata fata siririya ƙwarai, ƙwayoyin halitta ne jere hawa 5 zuwa 7, kaurinta duka bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba. Kullum tana zubewa, duk ƙiftawar da muka yi wani abu na tafiya, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ta sabunta gaba ɗaya. To daga ina sabuwar take zuwa? Daga bakin iyaka, daidai inda baƙi ya haɗu da fari, wani siririn zobe da suke kira limbas. A can ne uwayen ƙwayoyin suke, waɗanda ake ce wa sitem sel, a ɓoye cikin wasu 'yan lunguna da suka fi yawa a sama da ƙasan ido inda fatar ido ke kare su, wani likitan ido ɗan ƙasar Suwizalan Alfred Vogt ya siffanta lungunan tun 1921 har yanzu da sunansa ake kiran su. Su uwayen ba sa yawan rabuwa, a hankali suke abinsu suna adana ƙarfi, in uwa ta rabu sai ɗaya ta zauna a gida a matsayin uwa ɗayar ta fita, ita wadda ta fitan ce ke rarrabuwa da sauri sau da dama tana gangarawa tsakiyar ido, jikokinta su hau sama su balaga su zube. Likitar da ta yi min aiki da ta ga na kasa ganewa ta tambayi yayana ko muna noma, ya ce albasa muke yi a fadama, ta ce to limbas shi ne fangalin da ake rainon iri, koniya kuma gona, in fangalin ya ƙone ko gonar na nan ba abin da za ka dasa, ciyawa ce za ta cinye ta.

Kuma abin da ya same ni kenan. Bayan an sallame ni da magunguna, na ɗigawa kala-kala da bitamin C da wani ƙwaya doksisaikilin, zafin farko ya lafa, na ɗauka an gama. Ashe ita fatar farin ido, wadda zoben nan yake tare ta kada ta tsallako, ta samu hanya. A hankali ta fara hawowa kan baƙin idon da jijiyoyinta ja-ja, idon ya koma hazo, ina ganin motsin hannu amma ba na iya ƙirga yatsu daga nesa. Haske ya zama abokin gaba, ko fitilar waya aka haska sai hawaye, in hunturu ya shigo da ƙurarsa kuwa idon sai ya tsage ya yi gyambo ya warke ya sake tsagewa, ina yawo da baƙin gilashi a ƙarƙashin hijabi har cikin ɗaki. Fatar idon ta ƙasa ma ta ɗan manne da ƙwayar a lungu guda. Yarana ƙanana sun daina kallon fuskata kai tsaye, wannan ya fi ciwon ci min rai.

'Yan uwa suka fara haɗa kuɗi wai a je a yi dashen koniya, wanda ake samowa daga wanda ya rasu ya bar wasiyya. Likitan da ke duba ni a gida shi ya taka mana burki, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Ya ce Hajiya in aka sa miki sabuwar koniya yanzu asarar kuɗi ce, za ta yi kyau na ɗan lokaci, in fatar da ta zo da ita ta zube babu mai maye ta, farin zai sake hawowa ya rufe. Sai an fara dawo da uwayen tukuna. Ya ce sa'arki ɗaya idon dama lafiyarsa ƙalau, maganinki yana jikinki. Ya kuma ce kada a yi gaggawa, dole a bar idon ya huce watanni, don in aka dasa a kan ido mai kumburi dashen mutuwa yake yi.

Shi ya rubuta mana takarda zuwa Hyderabad a Indiya. Dalilin can ɗin kuwa, a asibitin ido na L V Prasad da ke garin ne Dakta Virender Sangwan da abokan aikinsa suka fito da salon aikin da aka yi min a 2012, suna kiran sa SLET a taƙaice. Maganar biza da wasiƙar gayyata daga asibiti da katin rigakafin shawara da canjin kuɗi ba zan tsaya a kai ba, duk wanda ya fita neman magani ya san wahalarsu. Ni da yayana muka tafi, maigida ya zauna da yara.

Kafin tafiyar sai da aka sha fama da Inna. Ta ce ido ɗaya ya rage miki shi ma za ki kai a sa masa wuƙa, ban yarda ba. Kuma gaskiya tsoronta yana da tushe, ni ma shi ya hana ni barci. Tsohon salon aiki irin wannan, wanda likitoci biyu Kenyon da Tseng suka bayyana a Amurka a 1989, manyan yanki ake ɗiba daga ido mai lafiya, sama da ƙasa, ana samun nasara amma ana fargabar kada a rage wa mai lafiyar nasa jarin. Sai a 1997 wasu masana 'yan Italiya, Graziella Pellegrini da Michele De Luca, suka nuna cewa za a iya ɗibar ɗan kaɗan a kai ɗakin gwaje-gwaje a raine shi ya yaɗu ya zama shimfiɗa sannan a dawo a ɗora, har Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015 da sunan Holoclar. Amma wannan yana buƙatar ɗakin gwaji na musamman mai tsadar gaske da aiki sau biyu, ina talaka zai kai can. Dabarar 'yan Hyderabad ita ce a ɗebi ɗan kaɗan ɗin, amma maimakon a raine shi a kwalba a raine shi a kan idon mara lafiyar kansa, aiki ɗaya rana ɗaya. Da yayana ya zauna ya yi wa Inna bayanin ƙanƙantar abin da za a yanka, ta yi shiru can ta ce to Allah ya sa a dace, ku je.

A can an yi min gwaje-gwaje da yawa. Sun ɗiga wani ruwan ɗorawa a idon suka haska shuɗiyar fitila, wurin da ya lalace ya yi kore shar, suka ɗau hoton kaurin koniyar da na'ura don su san ko tabon ya nutsa ciki, suka sa min 'yar takarda a gefen ido suna auna hawaye. Wannan na hawayen ashe babba ne, likitar ta ce busasshen ido ba ya karɓar dashe ko waye ya yi aikin, kuma in fatar ido ba ta rufuwa daidai ko gashin ido na gogar ciki sai an gyara wannan tukuna. Sannan suka duba na daman sosai da sosai don su tabbatar sodar ba ta taɓa shi ba. Ta gaya min gaskiya ba ɓoye-ɓoye, cewa a rahoton da asibitin ya fitar a 2016 kan mutum 125, kashi 76 cikin ɗari ne fuskar idonsu ta tsaya lafiya, ma'ana akwai waɗanda bai yi musu ba, kuma ko ya yi ba lallai gani ya dawo kamar da ba. Na ji daɗin da ta faɗa min haka, na fi son in shiga da sanina.

A layin jira na ga yara da yawa da ido ɗaya fari, abin tausayi. Wai yawancinsu wata farar ƙasa ce da ake sayarwa a 'yar leda ana haɗawa da ganyen da mutanen can suke taunawa, yaro ya ɗauka yana wasa ledar ta fashe masa a ido. Na ga kuma waɗanda ido biyun ne, wasu magani suka sha jikinsu ya ƙi shi fata ta sale har ido, wasu haka aka haife su. Su lamarinsu ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba, tunda ba su da inda za a ɗiba a jikinsu, sai dai daga ɗan uwa ko mamaci sannan su daɗe suna shan maganin danne garkuwar jiki, ko a ɗebi fatar cikin baki a raina a ɗora kamar yadda likitocin Japan suka fara. Ni da yake naman jikina ne babu maganar jiki ya ƙi shi.

Ranar aiki ba a sa ni barci ba, allura aka yi min a gefen ido, ina jin muryoyinsu da ƙarar na'ura, ina ta salati a zuci. Da na dama suka fara, suka ɗaga 'yar fata a sama inda fatar ido ke rufewa suka yanki abin da za su yanka suka ajiye a ruwan gishiri, bai ɗau lokaci ba. Sai suka koma na hagu, suka saki inda ya manne, suka feɗe wannan farin naman da ya hau kan koniya gaba ɗaya, ina jin kamar ana jan wani abu amma ba zafi, kuma nan take na ga hasken fitilar ya ƙaru. Daga nan suka shimfiɗa tantanin mabiyiya. Eh, mabiyiyar haihuwa. Tun kafin aikin sun yi min bayani cewa daga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa ake karɓa da yardarsu, a gwada jininsu a tabbatar ba ƙanjamau ba ciwon hanta, a wanke a adana. Da farko jikina ya yi wani iri, mu da muka saba a wanke ta a binne da mutunci a bayan ɗaki, har sai da na sa yayana ya kira malaminsu a waya, ya ce lalura ce ta magani ki kwantar da hankalinki. Wannan tantanin shi ke rage kumburi kuma a kansa sabbin ƙwayoyin ke samun wurin yaɗuwa. Ba ɗinki suka yi ba, da wani gam da ake haɗawa daga sinadaran daskarar da jini suka manna shi. Sannan suka yayyanka ɗan naman nan gutsi-gutsi wajen 8 zuwa 10, suka jera su zagaye a kan tantanin suka bar tsakiya fili don kada su tare gani, kowanne aka ɗiga masa gam, aka rufe da wani lens mai laushi, wato 'yar roba garai-garai da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, kamar bandeji.

Kwanakin farko su ne masu wuya, ba don ciwo ba, don tsoro. An ce kada in murza, kada ruwa ya shiga, kada in sunkuya, don in gutsattsarin suka zame aiki ya ɓaci. A zaune nake sallah ina nuni da kai, alwala kuma a hankali ina kauce wa idon, barci a rigingine da wata 'yar garkuwar roba a manne a fuska, in atishawa ta taho sai gabana ya faɗi. Yayana bawan Allah shi ke riƙe da jadawalin ɗige-ɗige, na kashe ƙwayoyin cuta da na rage kumburi da na jiƙa ido, ya saita ƙararrawa a waya har cikin dare. Idon dama ya yi ja yana ƙaiƙayi kamar yashi ya shiga, cikin 'yan kwanaki ya ware, yanzu ko ni sai na ɗaga fatar a madubi nake gane wurin.

Abin da ba zan manta ba shi ne hotunan da suke nuna min a kwamfuta duk zuwa. Su ɗiga ruwan ɗorawan nan su haska, inda babu fata ya yi kore. Zuwan farko kusan duka kore ne. Na gaba sai ga wani ɗan duhu ya kewaye kowane gutsure, likitar ta nuna da biro ta ce kin gani, sun fara fitowa. Zuwa na gaba da'irorin sun faɗaɗa har wasu sun taɓa juna, wajen mako biyu koren ya ɓace ɗungurungum, fatar ta rufe idon daga gefe zuwa gefe. Na yi kuka a wurin wallahi, ita ma nas ɗin sai da ta dafa ni. Abin da aka yanka da ƙyar ake ganinsa, amma Allah ya ajiye masa ikon rufe ido guda, kuma tun ina jaririya yake wannan aikin ban san da shi ba. Su gutsattsarin sun ci gaba da zama kamar ɗigo-ɗigon fari a idon, a hankali suka dushe cikin watanni.

Yanzu ina gida, likitana na nan shi ke ci gaba da duba ni yana tura musu hotuna. Hawayen ya tsaya, ina fita rana ba gilashi, gyambon bai sake dawowa ba ko a hunturun da ya wuce, ina gane fuskar mutum da idon kuma ina karanta manyan rubutu. Ganin bai kai na dama ba saboda sodar ta bar tabo a can cikin naman koniyar inda wannan aikin ba ya kaiwa, kuma akwai wata 'yar jijiya a gefen ƙasa da ake sa wa ido kada ta ci gaba. Ana kuma auna min hawan ruwan ido a kai a kai saboda ƙunar da maganin kumburin duka suna iya tayar da shi. Sun ce in fuskar ta ci gaba da zama lafiya shekara guda ko fiye, sannan za a zauna a duba ko a gwada lens mai tauri ko a yi dashen koniyar da aka hana ni da farko, wanda yanzu yana da damar kamawa.

Na koma sana'ata, da tabarau mai rufe gefe da safar hannu da jarkar ruwa cike a kusa da ni kafin in buɗe buhun soda, kuma duk yarinyar da ta zo koyo a wurina ranar farko ba ma taɓa mai ko turare, yadda ake buɗe ido da yatsu a kwarara ruwa muke yi, kowacce sai ta gwada a kan 'yar uwarta na gani.